Ku Sassauta wa Yaron da ke Gaba

Ƴaƴana samarin Ƙonni, da na Malbaza, da na Illela. Maganar ƙwallo ce ta sa na ɗauki alƙalami, kuma kada ku yi mamakin ganin dattijo a cikin wannan sha'ani. Ƴaƴanmu ne ke gudu a cikin fili, ƴaƴanmu ne kuma ke tsaye a bakin fili suna ihu, kuma abin da na baki ke yi wa na ciki ya kai inda bai kamata babba ya gani ya yi shiru ba.

Kun san yadda abin ke faruwa, tunda a gabanku ake yi. Ko a gasar unguwanni ta babban hutu, ko a wasannin da ake shiryawa tsakanin garuruwa bayan kaka, sai a wayi gari ƙungiya ta fito da wani sabon yaro ɗan shekara 17 ko 18, siriri, mai gudu, an ba shi riga lamba 9. Allah ya taimake shi ya ci biyu a wasan farko. Kafin a kira sallar magariba an sake masa suna: wannan ya ce Mbappé, wancan ya ce Osimhen. Ƴan kabu-kabu su rako shi da oda har ƙofar gidansu. A fada, shayi bai kai ga zubi na biyu ba an gama lissafi: kofi namu ne, yaron zai ci goma, baɗi yana Yamai, baɗin baɗaɗa yana Turai. Sai a yi wasa uku raga ta ƙi shi. A na huɗu ya buga fenariti ta bi sama. Nan take bakin da ya yi masa kirari ya koma cewa an saye shi, ko ya fara girman kai, ko dama can ba shi da komai, sa'a ce kawai. A cikin ƴan makwannin nan yaron bai rage gudu ba, bai manta ƙwallo ba. Ku kuka ɗora masa burin da ya fi ƙarfinsa, kuka kuma zo karɓar bashin da bai ci ba.

Ku fara da tambayar yadda aka yi ƙaramin yaro ya sami kansa a gaba. A ƙasar Adar wannan ba sai an gaya wa kowa ba. Da an gama girbi an zuba hatsi a rumbu, majiya ƙarfi sai su ɗauki jaka: wasu Abijan, wasu Legas, wasu Libiya ko Aljeriya, wani kuwa sai ya shekara biyu ba a ga ƙeyarsa ba. Waɗanda suka rage, wani yana garkar albasa a Galmi, wani yana noman rani a gandarin Ƙonni, wani yana bisa babur tsakanin gari da iyaka daga safe har dare. Wanda ƙafarsa ta fi ta kowa kuma Yamai ta ɗauke shi, domin ƙungiyoyin da ke iya riƙe ɗan wasa da albashi, irin su AS FAN ta soja, AS Douanes ta ƴan duwan, AS Police da ta jandarmomi, duk a can suke. To, sau da yawa yaron da kuke gani da lamba 9 gurbin wani yayansa yake cikewa. Lokacinsa bai yi ba, buƙata ce ta turo shi. Wanda ya zo taimako kafin lokacinsa godiya ya cancanta.

Akwai kuma wani abu da ke cikin idonmu mu mutanen ƙasar nan. Da kokowa aka raine mu. Tun 1975, da aka buɗe gasar kokowa ta ƙasa a Tawa, Kantu na Maraɗi ya zama zakara, babu wasan da ya kai ta shiga zuciyar ɗan Nijar. A filin kokowa mutum biyu ne kawai. Wanda ya kayar shi ya kayar, wanda ya faɗi shi ya faɗi, ba mai cewa laifin wani ne. Da wannan idon muke zuwa kallon tamola: mu zaɓi mutum ɗaya mu kafe shi da kallo, in an ci shi ne gwarzo, in ba a ci ba shi ne ya faɗi. Alhali ƙwallo wasan mutum goma sha ɗaya ne, kuma ɗan gaba shi ne na ƙarshe da take isowa gare shi, in ma ta iso.

Ina so ranar wasa mai zuwa ku bi ƙwallo da ido tun daga hannun gola. Ya ba ɗan baya. Ɗan baya yana da zaɓi biyu: ya natsu ya nemi ɗan tsakiya, ko ya ɗaga ƙafa ya narka ta sama ya rabu da ita. A filayenmu na yashi da tsakuwa, inda ƙwallo ke tsalle ta canza hanya, iskar hunturu kuma tana kaɗa ta yadda ta ga dama, mafi yawan ƴan baya na biyun suke zaɓa. Sai ƙwallo ta taso daga nisan mita arba'in ta faɗo kan yaro ɗan shekara 17, ya ba raga baya, a tsakanin ƙarti biyu da suka girme shi da shekara goma, ɗaya gwiwarsa a ƙugunsa, ɗaya hannu a wuyan rigarsa. Ba kowa kusa da shi da zai sauke wa. Ya rasa ta, ku yi tsaki. A sake, ku sake tsaki. A tashi wasa ku ce yau lamba 9 bai yi komai ba. To ku ƙirga, sau nawa aka ba shi ƙwallo a ƙasa, yana fuskantar raga, a cikin da'irar gola? Wani wasan sau biyu ne, wani wasan ko sau ɗaya babu. Manyan ƴan gaban da kuke kallo a gidan kallo, waɗanda ake biya miliyoyi, su ma abin da suke ɓararwa ya fi abin da suke ci yawa, kuma ana kawo musu ƙwallo a ƙafa sau da dama a kowane wasa, bisa ciyawar da aka share aka yi wa ban ruwa. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In ƴan gefe ba sa kawo ƙwallo, ɗan tsakiya ba ya ɗaga kai, ko wa kuka sa a gaba haka zai wuni yana yawo.

Ba sai mun je nesa neman misali ba, domin ƙasarmu gaba ɗaya ta taɓa yi wa mutum ɗaya irin wannan ɗauri. Moussa Maazou, haifaffen Yamai a 1988, ya fito daga AS FAN ya tafi Lokeren ta Beljiyam a 2008. Can ya buɗe wuta, har a 2009 CSKA ta birnin Mosko ta saye shi da kuɗin da ba a taɓa jin irinsu a kan ɗan ƙwallon Nijar ba. Yana da shekara 20. Daga ƙaramar ƙungiya inda ake haƙuri da shi, ya faɗa babban gida, cikin sanyin Rasha da harshen da bai sani ba, inda kowa ke duban farashinsa kafin ya dubi wasansa. Bai daɗe ba aka fara ba da shi aro: Monaco, inda ya taɓuka, sai Bordeaux, inda abin bai yi daɗi ba. A tsakiyar wannan faɗi-tashi ne, a watan Oktoban 2010, ya ci wa Mena, ƙungiyar ƙasarmu, ƙwallon da ta kayar da Masar 1-0 a filin Seyni Kountché. Masar ɗin da ta ɗauki kofin Afirka sau uku a jere, 2006, 2008 da 2010. Manyanku sun tuna daren nan. Daga ranar, duk burin ƙasa ya tattaru a ƙafar yaro ɗan shekara 22.

Mena ta sami zuwa gasar cin kofin Afirka ta 2012, karon farko a tarihinta, a hannun Harouna Doula, wanda hukumar ƙwallon Afirka ta zaɓa gwarzon koci na 2011. Murna ta yi murna, kuma ta cancanta. Amma da mun zauna mun dubi yadda aka sami gurbin, da mun san iyakar abin da za mu sa rai. Wasanni shida aka buga. Uku na gida duk an ci: Masar 1-0, Saliyo 3-1, Afirka ta Kudu 2-1. Uku na waje duk an sha kashi, kuma ko ƙwallo ɗaya ba a jefa a ragar kowa ba. Maki 9 muka tashi da shi, daidai da Afirka ta Kudu da Saliyo, sakamakon karawar da aka yi tsakanin ukun ne ya fitar da mu. Ƙungiyar da ba ta taɓa cin ƙwallo a waje ba a duk zagayen, ita aka tura Gabon ana jiran mutum ɗaya ya buɗe mata raga. Gabon ta ci mu 2-0, Tunisiya 2-1, Maroko 1-0. A 2013 a Afirka ta Kudu, a hannun Gernot Rohr, Mali ta ci 1-0, aka yi canjaras ba ci da Kwango, Ghana ta ci 3-0. Wasa shida a gasa biyu, ƙwallo ɗaya tak, ita ma William N'Gounou ne ya ci ta. Duk mai adalci ya san matsalar ta fi ƙarfin ɗan gaba ɗaya: ƙwallo ba ta isa gaba yadda ya kamata, kuma ƴan bayan manyan ƙasashe sun san mutum ɗaya za su tsare. Maazou ɗin nan dai, da ya je Marítimo ta Fotugal a 2014 ya sami masu ba shi ƙwallo, ya koma cin raga. Doula kuma, wanda aka kawo masa Bafaranshe Rolland Courbis a gefe lokacin gasar Gabon, shi ne ya kai ƴan wasan gida na Nijar wasan kusa da na ƙarshe a gasar CHAN a Aljeriya a farkon 2023, bayan sun fitar da Ghana da ci 2-0.

Shi kansa Osimhen da kuke laƙaba wa yaranku sunansa, ko kun san ta inda ya biyo? A 2015, a gasar duniya ta ƴan ƙasa da shekara 17 a Chile, ya ci ƙwallo 10, Nijeriya ta ɗauki kofi. Wolfsburg ta Jamus ta ɗauke shi a farkon 2017. Ya shekara ɗaya da rabi a can, ya buga wasa 16, bai ci ko ɗaya ba. Ga rauni a kafaɗa, ga zazzaɓin cizon sauro da ya kwantar da shi a 2018. Ƙungiyoyi biyu a Beljiyam suka gwada shi suka ce ba sa so. Da a bakin filinmu ne, da tuni an yi masa waƙar zambo. Charleroi ce ta karɓe shi aro, ta ba shi wuri ta bar shi ya yi kuskurensa, ya ci 20 a kaka guda. Daga nan Lille, daga nan Napoli, inda ya ci 26 a kakar da suka ɗauki kofin Italiya a 2023 bayan shekara 33 suna jira, a shekarar kuma aka zaɓe shi gwarzon ɗan ƙwallon Afirka. In za ku ba yaro sunan mutum, ku ba shi har da shekara ɗaya da rabin da mutumin ya yi bai ci ba.

A Amurka suna da wata ƙwallo tasu daban, mai siffar ƙwai, wadda ake ɗauka da hannu ana ture juna. A cikinta akwai ɗan wasa ɗaya da suke kira kwatabak, shi ke karɓar ƙwallo a farkon kowane hari, ya duba fili, ya jefa wa wanda ya ga dama. Duk harin ƙungiya ta hannunsa yake bi. Tsarinsu kuma shi ne, ƙungiyar da ta fi kowa shan kashi a bara ita ke fara zaɓar sabon ɗan wasa daga jami'o'i a bana. Don haka yaron da ya fi kowa baiwa yakan faɗa ƙungiyar da ta fi kowa rauni, magoya baya kuma su ɗauka mai ceto ya iso. Peyton Manning, wanda aka fara zaɓa a 1998, ƙungiyarsa ta Indianapolis wasa 3 kawai ta ci cikin 16 a shekararsa ta farko, kuma sau 28 abokan hamayya suka cafke ƙwallon da ya jefa. Ba a sauke shi ba. Shekarar da ta biyo suka ci 13, daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan da aka taɓa yi a wasan. David Carr kuwa, wanda aka fara zaɓa a 2002, ya faɗa sabuwar ƙungiyar Houston da ba ta da ƙwararrun masu tare masa gaba. Sau 76 aka maka shi da ƙasa a kakarsa ta farko, kuma bai taɓa zama abin da aka yi zato ba. Patrick Mahomes, a 2017, benci aka ajiye shi a Kansas City yana kallon na gaba da shi, wasa ɗaya ya buga. A 2018 da aka miƙa masa ragama, shi aka zaɓa gwarzon shekara. Mutanen da suka fi mu kuɗi da filaye da likitoci, su ma abin da ya raba yaron da ya tsira da wanda ya karye shi ne waɗanda ke kewaye da shi da lokacin da aka ba shi.

Ku da kuka tashi kuna ganin motocin siminti suna fita daga Malbaza kun san aikin magina. In an zuba kankare a rufin ɗaki, ba a cire itacen tokari washegari. Ana ba shi ruwa safe da yamma, sai ya yi wajen kwana 28 kafin ya kai ƙarfinsa, wanda kuma ya yi gaggawar ɗora masa bulo, tsagewar da zai jawo ba ta gyaruwa. Kakar farko ta yaro lokacin ban ruwa ce. Ba na cewa ku daina son nasara, wanda ba ya son ƙungiyarsa ta ci me ya kawo shi fili? Ina cewa ku san abin da za ku nema a wurinsa a bana. Ku duba ko ya fara sanin inda zai tsaya don kada alƙalin gefe ya yi ta ɗaga masa tuta. Ku duba ko in ƙwallo ta ƙwace masa yana komawa ya bi ta, ko tsayawa yake ya riƙe ƙugu. Ko ya fara ɗaga kai ya ga abokinsa da ya fi shi kyakkyawan wuri. Ko ƙafarsa ta hagu ta fara amsawa. Ko yana iya cika minti 90 a watan da zafi ya fara, bayan a farkon kaka minti 60 ke gama da shi. Mafi girma duka, in ya ɓarar, yana sake neman a ba shi, ko ɓuya yake a bayan ɗan baya don kada ta sake zuwa wurinsa? Yaron da ke samun dama yana ɓararwa yana kan hanya, domin samun damar ita ce mai wuya, kuma saiti yana zuwa da maimaici. Wanda ya daina nema shi ne abin tsoro, kuma galibi ihun bakin fili ne ke kai shi nan.

A ganina ma yabon da ya wuce kima ya fi zagi ɓarna, don shi ba a gane dafinsa da wuri. Yaro ya ji gari duka na cewa ya gama, sai ya ɗauka ya gama. Ya fara zuwa atisaye a makare, ya daina jin maganar koci, ya ga lakwal ko makarantar allo ko shagon ubangidansa ɓata lokaci ne. Daga nan sai wani mai kyakkyawar riga ya ɓullo ya ce yana da hanya a Maroko ko Turkiyya, a kawo kuɗin fasfo da na jirgi. A sayar da tumaki, wani gidan har da gona. Yaran Afirka ta Yamma da yawa an yashe su a biranen da ba su san kowa ba ta wannan hanyar, kuma kirarin ƴan unguwa ne ke buɗe wa macucin ƙofa. Ku riƙe wannan: Nijeriya ta ɗauki kofin duniya na ƴan ƙasa da shekara 17 har sau biyar, 1985, 1993, 2007, 2013 da 2015, amma babbar ƙungiyarta ba ta taɓa wuce zagayen ƴan 16 a gasar duniya ba. Mu ma yaranmu sun fitar da Nijeriya a 2016, suka je Indiya a 2017, suka ci Koriya ta Arewa 1-0, suka kai zagaye na biyu kafin Ghana ta tsayar da su. Abin alfahari ne. Sai dai tsakanin haskakawa a shekara 17 da zama cikakken ɗan wasa a shekara 25 akwai doguwar hanya, waɗanda suka kai ƙarshenta kaɗan ne ƙwarai, kuma wanda bai kai ba dole ya sami abin da zai koma wa. Mai ƙaunar yaro da gaske, ranar da ya ci ƙwallo zai tambaye shi labarin jarrabawarsa.

Zagi kuma a zamanin nan ya sami ƙafa. A da, in an yi wa yaro ihu a fili, nan abin ke ƙarewa, gari ya waye an manta. Yanzu kowa waya na hannunsa. An ɗauki hoton fenaritin da ya ɓarar, an sa masa kiɗa da dariya, kafin isha ya zagaya WhatsApp daga Tsarnawa har Badagishiri, ya tsallaka Illelar Nijeriya, ya isa wayar yayansa a Abijan. Mahaifiyarsa ta ji a bakin rijiya, ƙannensa su ji a makaranta. Ba Baturen da ke cikin talabijin ba ne wannan, wanda ba zai taɓa jin abin da kuka faɗa a gidan kallo ba. Ɗan maƙwabcinku ne, gobe da asuba sahu ɗaya za ku tsaya da mahaifinsa. Malamanmu sun sha karantar da mu abin da Suratul Hujurati ta hana na izgili da jifan juna da munanan laƙabi, kuma ba a cire filin ƙwallo daga wannan hani ba. Wani abin da ke ƙara rura wutar shi ne caca. Saurayi ya sa jika biyu ko biyar a kan wasa, ko a waya ko tsakaninsa da abokinsa, in an tashi ba ƙungiya yake wa baƙin ciki ba, kuɗinsa yake kuka, sai ya huce a kan yaron da bai san an yi ba. Kalmar "an saye shi" galibi daga irin wannan bakin take fitowa. Ƙazafi ne, kuma a gari irin namu yana iya bin mutum har ranar neman aurensa.

Masu goyon bayan Arsenal a cikinku, ku tuna Bukayo Saka. A watan Yulin 2021, a wasan ƙarshe na kofin Turai a Wembley, aka ba shi bugun fenariti na ƙarshe yana da shekara 19, golan Italiya ya tare, Ingila ta rasa kofi. Marasa mutunci suka bi shi da zagin launin fata a intanet. Amma da ya koma ƙungiyarsa, bango guda ya tarar cike da wasiƙun ƙarfafa gwiwa, kuma a wasan farko na sabuwar kaka har magoya bayan Brentford, abokan hamayya, suka miƙe suna yi masa tafi. Bai daɗe ba ya zama mai buga wa Arsenal fenariti. Abin da kuke yabawa in kun gani a talabijin, ba wanda ya hana ku yi wa naku.

Ku kuma masu horar da yara, da iyayen ƙungiya da ke sayen riguna da ƙwallo daga aljihunsu, Allah ya saka muku, amma ku ma da naku. Kada ihun jama'a ya zaɓa muku ƴan wasa. In kun ga yaro bai ƙosa ba, ku riƙa sa shi a minti 30 na ƙarshe, lokacin da ƴan baya suka gaji, ya ɗanɗana nasara kaɗan-kaɗan. In kun sa shi daga farko, ku haɗa shi da babba a kusa, wanda zai karɓi duka a madadinsa ya kuma yi masa magana a cikin wasa. Fenaritin da za ta raba gardama a gaban gari duka, kyaftin ya ɗauka. In kuma kun yanke shawarar shi ne lamba 9 ɗinku, ku faɗa masa a gaban ƴan'uwansa cewa wasa biyu ko uku ba ci ba za su raba shi da rigar ba, ku kuma cika alkawari. Ku tambaya ko ya ci abinci kafin wasa, domin wani daga garka yake zuwa fili kai tsaye da ƙoƙon fura ɗaya a cikinsa. Ku dubi takalminsa. In ya ce gwiwa na ciwo, a kai shi likita, kada a ɗaure da tsumma a ce ya daure saboda wasan gobe babba ne.

Kai kuma ɗana mai lamba 9, in wannan takarda ta iso gare ka, kada kirari ya ɗauke ka, kada tsaki ya sa ka ɓuya. Ka riƙe sallarka da karatunka da sana'arka, ka zo atisaye kafin kowa, in ka ɓarar ka sake neman ƙwallo.

Sauran ku ƴan bakin fili, roƙona gare ku kaɗan ne. Ku kira shi da sunan da mahaifinsa ya raɗa masa. Ku ba shi kaka guda cikakkiya kafin ku yanke masa hukunci. Hoton kuskurensa in ya iso wayarku, ya tsaya nan. Wanda kuma ya ji ana zagin iyayen yaro a bakin fili, ya tsawatar, ko da mai zagin ɗan fadarsu ne.